Waƙar Inna a Bakin 'Yan Kamfe

Inna tana da wata 'yar waƙa da take yi wa autarmu idan ta goye ta tana tankaɗe. Ba wata waƙar a zo a gani ba ce, murya ce take hawa kaɗan, ta sauko, ta sake hawa. Shekarar da gubar dalma ta ɗebe yaran ƙauyenmu Yargalma, har da autar. Inna ta daina faɗin kalmomin amma ba ta bar muryar ba. Da ita kaɗai take ambaton yarinyar, don sunan ba ya fita a bakinta.

Lokacin ina aiki a wani situdiyo a Gummi, ɗaki ɗaya, kwamfuta ɗaya, muna karɓa-karɓa da wani abokin aiki. Duk ranar da babu mawaƙi sai in zauna ina jera muryar Inna a manhajar kiɗa. Kowane sauti ɗan sanda ne a kan allo: ka ja shi ya yi tsawo, ka tura shi sama ya sirance. Na sha wuya, don manhajar so take komai ya faɗa kan layi, Inna kuwa tana ɗan jinkiri wajen saukowa, daidai inda take gyara goyo. Na bi sandunan ɗaya bayan ɗaya ina matsarwa da hannu, na ba su muryar sarewa, na bar su suna zagayowa. Niyyata in kai mata a waya.

Al'adar situdiyon, duk kiɗan da ke cikin kwamfuta na gida ne, mawaƙi ya zo a kunna masa ya zaɓa. Shi ya sa na gaya wa abokin nan baki da baki cewa wannan ba na kasuwa ba ne, na kuma faɗa masa dalili. Har addu'a ya yi wa yarinyar, munafuki.

Ban gama ba aka kira ni girbin dawa. Ina dawowa na tarar ya kwashi sandunan gaba ɗaya ya ɗaga su sama, ya ƙara musu gudu, ya mayar da jinkirin Inna kan layi, ya zuba kalangu. Wani mawaƙi ya hau kai yana wasa ɗan takara.

Na ce, "Waƙar Inna ta wagga!"

Ya ce, "Haba, ba ita ta ba. Na ɗaga ta, na sake mata tahiya. Wa ka ganewa?"

Wai ya ɗaga ta! Na ce in ya ɗauki akuyata ya aza ta bisa katanga, tashi ta zama? Na ci kwalarsa, na zage shi tas, sai da maƙwabcinmu mai cajin waya ya raba mu. Aikin banza, waƙa ta riga ta shiga wayoyin mutane. Har gobe ban yafe masa ba.

Ina gida ranar da motar kamfe ta shigo ƙauyenmu da lasifika, yara na binta suna tsalle. Na yi ta roƙon Allah ya sa maganar munafukin nan gaskiya ce, kada ta gane. Inna tana tsakar gida. Ta tsaya cak, ta saurara har motar ta yi nisa, tana kallon 'yan matan maƙwabta suna rawa a ƙofar gida.

Sannan ta juyo ta dube ni.

"To ni yanzu da mi zan kira ta?"