Ranar da Mama ta zama shida

Shekarar da na gama bautar ƙasa ban samu aiki ba, sai na shiga wata 'yar makarantar koyon kwamfuta a Kakuri, a saman wani shagon kayan gyaran mota. Malamarmu 'yar kudancin Kaduna ce, gajeriya, mai dariya da ƙarfi. Ita ta koya mana rubuta manhaja irin mai taga da maɓallai.

Ranar farko na tsara tagata tsaf, na tashe ta, sai ta ƙyalla ta ɓace kamar walƙiya. Malama ta leƙo ta ce, "Ina babban ajinki?" Ta yi mana bayani cewa kowace manhaja mai taga tana da wani abu da ake fara kafawa kafin komai, shi ake kira babban aji. Ba a ganinsa a fuskar kwamfuta. Aikinsa ya zauna yana saurare: an danna nan, an rubuta can, lokaci kaza ya yi, sai ya sanar da tagar da abin ya shafa. Shi ne kuma mai cewa an tashi. A al'adarsa, da zarar an rufe taga ta ƙarshe sai ya naɗe tabarmarsa ya tafi.

A gidanmu na Unguwar Sanusi kuwa, rigimar da ake yi a lokacin ta maganin hawan jini ce. Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne da ya yi ritaya. Likita ya ce ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya ƙarfe huɗu. Ta safe Mama ke ba shi tare da koko, ta yamma kuwa kullum sai an yi shari'a. Yana falo da tsohuwar laftof ɗin da yayana ya bar masa, yana kallon dambe, in an tambaye shi ya ce ya sha. In Mama ta duba kwalin ta ga ƙwayar tana nan, ya ce ai ta jiya yake nufi.

Na ga ga aikin da zan gwada ilimina a kai. Na rubuta 'yar manhaja mai taga ɗaya da maɓalli ɗaya mai cewa "Na sha". Da huɗu ta wuce za ta yi magana, ta maimaita duk bayan minti biyar, har sai an danna maɓallin. Na miƙa wa Mama waya don in naɗi muryarta. Karon farko ta tausasa murya kamar mai gaisuwa a rediyo. Na ce, "Mama, yadda kika saba za ki yi." Ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Malam, magani! Ina ganinka fa!" Shi na sa.

Kwana ɗaya ta yi aiki. Washegari Baba ya gano cewa in ya rufe tagar tun da hantsi, shi ke nan ya huta. Na ce to, mu zuba mu gani. Na ƙara layi ɗaya na umarci babban ajin kada ya tafi ko an rufe taga, ya ci gaba da zama a ɓoye yana duba agogo. Na kuma hana laftof ɗin yin barci ko an kife murfinta. Abin da ban yi tunani ba shi ne, duk lokacin da aka danna alamar manhajar, sabon babban aji ne zai tashi, bai kuwa san da zaman na farko ba.

Ranar Asabar Mama ta tafi bikin suna a Rido, ni ina makaranta. Aminin Baba ya zo daga Nasarawa, wani dattijo Kirista da suka yi shekaru a kan inji guda a masaƙa, mu muna ce masa Kawu. Abin da ya faru kafin in iso daga bakinsa na ji, ya kuwa iya ba da labari.

Ya ce suna cikin hira, Baba ya gama gaya masa cewa yau gidan nasa ne shi kaɗai, sai suka ji, "Malam, magani! Ina ganinka fa!" Kawu ya miƙe ya cire hula ya ce, "Hajiya, ina wuni?" Shiru. Baba ya ce ya zauna, aikin yarinyar nan ne, bai san yadda aka yi ba, ai ya rufe abin tun safe. Bayan minti biyar muryar ta dawo. Baba ya ce bari dai ya buɗe ya danna "Na sha" a zauna lafiya. Laftof ɗin tana da nauyin jiki, Baba kuma ba shi da haƙurin jira, sai ya yi ta danna alamar ba ƙaƙƙautawa. Tagogi suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta duba ta ga huɗu ta wuce, ta buɗe baki. Ya ruɗe ya bi su yana rufewa. Tagogin suka ɓace, muryoyin suka zauna.

Ina aji wayata ta yi ƙara. Baba ne.

"Ke, zo ki kwashe uwarki."

"Baba, ai Mama tana Rido."

"Ɗaya ce a Rido. Shida suna nan."

A bayansa ina jin wata na gama "ganinka fa", wata na fara "Malam". Malama tana tsaye kusa da ni, ta karɓi wayar ta saurara, sai da ta dafa tebur don dariya. Ta ce, "Kin hana babban ajinki tafiya, ba ki kuma koya masa duba ko akwai wani a gidan ba. Maza hau keke napep."

Na tarar da laftof ɗin a buɗe a kan kujera, ga filon da aka danne ta da shi ya gaza. Baba yana tsaye gabanta riƙe da kwalin magani da kofin ruwa, yana nuna wa 'yar kyamarar gurbin ƙwayar. "Ga shi, na sha. Me kuma ya rage?" Kawu yana gefe hannu a ƙirji, hawayen dariya na zuba, yana cewa, "Hajiya, ni shaida ne, a gabana ya haɗiye."

Na danne maɓallin kashewa har fuskar ta yi baƙi. Falon ya yi tsit. Baba ya zauna ya share goshi ya ce, "Wannan abin maganin hawan jini ne ko shi ne hawan jinin?"

Washegari na gyara. Na sa babban ajin ya riƙa dubawa tukuna, in ya tarar da ɗan'uwansa a zaune sai ya ce masa ya fito da tagarsa, shi kuma ya koma. Mama ba ta so gyaran ba. Ta ce tunda aka fara maganin nan ba a taɓa shan sa a gaban shaida ba sai ranar, in bar mata ko da muryoyi uku ne.

Mako na zagayowa Kawu ya dawo da wayarsa, ya ce matarsa ta ji labari, ita ma ta naɗo muryarta, in yi masa manhaja irin ta Baba, don shi ma yana shan maganin. Muka kunna mu ji. Ta fara da magani, ta wuce kan gishirin da yake ƙarawa a miya a ɓoye, ta gangara kan kwanon rufin ɗakin girki da ya ce zai gyara tun damina biyu da suka wuce. Minti uku ba ta numfasa ba. Na ce zan yanke in bar batun maganin kawai. Kawu ya girgiza kai ya ce in sa duka, domin ta ce za ta zo da kanta ta saurara.