Soket a Bayan Kunnen Jariri

Da asuba, kafin kowa ya motsa a gidan, Mai Fanka yana tsugune a gindin bango da tocila a baki, yana cusa cajar matarsa a soket yana zarewa. Cajar lafiyarta ƙalau. Soket ɗin ma haka. Shi ne dai barci ya ƙaurace wa.

Gyaran fanka ne sana'arsa tun gashin kansa yana baƙi. Shagonsa ɗan ɗaki ne a bakin titi, tsakanin tela da mai kayan wuta, cike da fankokin da masu su suka manta da su. Bai yarda da bakin kowa ba. In ka ce masa kafasita ce kawai ta mutu a fankarka, zai ce, "Bari in gani," ya kwance ta har hanjinta. Yawanci kafasitar ce. Hakan bai taɓa sa ya daina ba.

Abin da ya hana shi barci shi ne, autarsu ta haihu a ƙasar waje inda mijinta ke aiki, ta aiko wa uwarta tikiti ta je ta zauna da ita na 'yan watanni. Tun da suka yi aure matar nan ba ta taɓa yin nisa da shi haka ba. Shi ba mai hira ba ne. Ita ce rediyon gidan, tana zuba yana cewa "uhm", kuma a haka suka tsufa. Yanzu rediyon zai koma cikin waya, wayar kuwa tsohuwa ce, batirinta ba ya kai la'asar, kuma cajarta kaɗai take sha. Sai tela ya ƙara masa zafi da cewa ai a can ramukan soket ɗinsu daban ne, cajar nan ko da guduma ba za ta shiga ba.

Ya kira Auta.

"Baba, ka kwantar da hankalinka, akwai komai a nan," in ji ta.

"Duk wanda ya shigo shagona da 'akwai' yake shigowa. Ɗauko mini hoton soket ɗin."

Hoto ya iso. Jariri ne ya cika shi, kumatu kamar an hura, soket ɗin kuma yana can a bango, rabinsa ya ɓuya a bayan kunnen yaron. Matar ta ƙwace wayar tana ta murna.

"Dubi hancin nan. Naka ne sak, Allah ya ba shi haƙuri."

Ya karɓa, ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton har jaririn ya fice daga ciki, saura kunne da bango.

"Baban Auta, jikan naka ka ture gefe kana kallon gini?"

"Jika ba inda za shi. Rami biyu nake gani, ban san ko akwai na uku ba."

Ya nemi wani hoton. Aka turo jaririn yana hamma, babu ko ɗigon bango.

Wani zai haƙura a nan. Mai Fanka ya ari tef ɗin awo na tela ya nufi gidan maƙwabta, inda akwai mai jego. Lissafinsa shi ne, in ya san tsawon kunnen jariri, zai san tazarar ramukan da ke cikin hoton. Mai jegon ta miƙo masa ɗanta da fara'a, tana tsammanin addu'a zai yi masa. Sai ta ga tef.

"Baba, hula za ka sa a ɗinka masa?"

"A'a. Soket nake aunawa."

Ta karɓe ɗanta a hankali, ta shige ɗaki, ta saki labule.

Da ya mayar da tef, tela ya duba awon ya girgiza kai. "Ka yi aikin banza, tsoho. In jikan nan kunnenka ya ɗauko, sai ka ƙara rabin inci."

Daga nan ya shiga wurin mai kayan wuta. Wannan ya zube masa adafta iri-iri a kan kanta: mai ƙafa biyu zagayayyu, mai ƙafa biyu masu faɗi, mai uku, da wata mai ƙafafu a karkace kamar ta sha duka.

"Wace ƙasa ce, Baba? Faɗa mini kawai in duba maka a waya."

"Wayar ta taɓa zuwa?"

"To ga wannan, ta gama magana. Ko'ina tana shiga." Ya ɗauko wata ƙatuwa mai maɓallai a gefe, in ka tura wannan maɓalli, ƙafa biyu su fito, in ka tura wancan, uku su fito. "Amma ka sani, ƙafa kawai adafta take canzawa, ba ta canza ƙarfin wuta. Caja ba ruwanta, ta saba da kowace. Dutsen guga ne abin tsoro."

"Wuta za ka koya mini? Ka gwada ta a can?"

"Ina na ga can, Baba?"

"To bari in gani."

Ya saya, ya koma shagonsa, ya sa mata sukundireba. Murfin na ɗagawa, ƙananan sifirin suka watse kamar fara. Ɗaya ya shige ƙarƙashin tarin fankoki, ɗaya ya tsallake ƙofa ya faɗa a kofin shayin tela. Ya wuni yana harhaɗawa. Da ya gama, duk maɓallin da ka tura, ƙafafun gaba ɗaya ke fitowa lokaci guda kamar gizo-gizo. Ya jefa ta a kwandon tarkace, ya ce dama abin da ya ce zai iya komai ba ya iya komai. Ya koma ya sayi kowace iri ɗaya-ɗaya, har da mai karkatattun ƙafafun.

Ana gobe tafiya, da yamma, matar tana shirya akwati. Ta sa dutsen gugarta, ya cire. Ta juya ɗauko zani, ta dawo ta tarar da leda cike da adafta a gurbinsa.

"Ina dutsen gugana?"

"Zai ƙone a can. Ko ya ƙi zafi. Ɗaya daga ciki."

"Wannan tarkacen fa? Shago zan buɗe?"

"Zauna in nuna miki. In kin ga rami biyu zagayayyu, wannan. In sun yi faɗi, wannan. In kin ga uku..."

"In na ga uku in gudo gida." Ta zauna a bakin gado tana kallonsa. "Baban Auta, shekara da shekaru ina jiran bakinka. Ka ce za ka yi kewata mana, ka huta da sayen robobi."

Ya ɗaure bakin ledar, ya ƙulla sau biyu. "Kada ki bari wayar ta mutu gaba ɗaya kafin ki sa caji. Yana kashe batir."

"Na ji. Ni ma zan yi kewarka."

"Uhm," in ji shi.

A filin jirgi bai ce komai ba sai, "Ledar tana aljihun gefe." Ta ce ta sani, ya faɗa tun a mota. Ya tsaya har bayanta ya ɓace a cikin mutane, sannan ya koma shago ya kwance fankar da ba abin da ya same ta.

Washegari da hantsi har lokacin ba kira. Ya ajiye wayarsa a kan teburin aiki, yana ɗaure ƙusa ɗaya yana leƙa ta. Can ta yi ƙara, ya zabura, ashe kukan yunwa take, batir ya yi ja. Ya laluba inda cajarsa take zama, wayam. Ya zazzage akwatin kayan aiki. Sai ya tuna. Da zai ƙulle ledar nan, ya ga babu laifi a ƙara mata caja ta biyu ko da tata za ta lalace, ya jefa tasa, wadda ko shiga wayarta ba ta yi.

Ya shiga wurin tela yana muzurai. "Ara mini caja."

"Kai da ka yi wa ƙasashen duniya tanadi?"

"Ara mini, ko in daina duba maka fanka."

Soket ɗin tela yana ƙarƙashin teburin yanka, igiyar cajar kuma ba ta kai kamu biyu ba. Mai Fanka ya durƙusa ya shige, a cikin ƙyallaye da zare. Yana sawa kira ya shigo.

"Baban Auta, mun sauka lafiya. Barci ne ya kwashe ni. Kai, ka ga yaron nan kuwa?"

"Ta shiga?"

"Wa?"

"Adaftar."

"Oh. Na zube wa surukinka su duka a kan tebur, ya yi ta dariya, ya zaɓi ɗaya. Ta shiga daram."

"Wacce?"

"Wata fara."

"Dukkansu farare ne."

"To ita dai. Bari ka ji abin da ya faru a jirgi, wata mata ce kusa da ni..."

Ya gyara zama, ya jingina da ƙafar tebur. Wani mutum ya leƙo rungume da fanka, ya ce an ce masa mai gyara yana nan. Tela ya nuna masa ƙafafu biyu da suka fito daga ƙarƙashin tebur. Mai Fanka ya zuro hannu ɗaya waje, ya yi masa alamar ya dawo gobe, ya mayar da hannun ya toshe ɗaya kunnen.