Gammo a Gaban Manjo

Ni gajera ce, kuma gajartar ba ta taɓa hana ni barci ba sai shekarar da na cike fom ɗin makarantar sojoji.

A lokacin ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti da ke tsakanin Karaye da Rogo. Muna da likita mai hannu, muna da ɗakin tiyata, amma ba mu da wanda zai sa marar lafiya barci ya tsare numfashinsa har a gama aiki. Duk macen da haihuwa ta gagara, sai mu ɗaura mata ruwa mu sa ta a mota a nufi birni da ita. Sau da yawa ni ce 'yar rakiya. Na san kowane rami na hanyar nan, kuma na tsane su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa da na ji sojoji suna da makarantar da ke koya wa ma'aikatan jinya aikin sa barci, har suna ɗaukar farar hula kaɗan tare da nasu, raina ya biya. Maigidana ya ce in nema. Sharuɗɗan a rubuce suke: lasisin jinya, shekarun da mutum ya yi yana aiki, da takardar amincewa daga wurin aikinsa. Duk ina da su. Na tura, aka kira ni ganawa nan da wata guda.

Na ɗauki hutu na tafi Rogo in gaya wa Inna, mahaifiyata. Kafin la'asar labari ya kai ƙauyen Beli wurin ƙaninta, Kawu, wanda ya yi aikin soja har ya kai kofur. Shekara da shekaru da ajiye kaki, amma ko gona zai je tafiyar fareti yake yi. Washegari da hantsi ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar gida, riƙe da karan dawa.

Bayan mun gaisa ya ce, "Tashi ki tsaya jikin bango, 'yar nan."

Na tsaya. Ya jingina karan kusa da ni, ya ja baya ya ƙanƙance ido. Ya ce tsawon karan shi ne tsawon da soja ke nema, ya auna shi da haɓarsa, don ranar da aka ɗauke shi kurtu iyakar nan sandar awo ta tsaya. Ya ɗora tafinsa a kaina.

"Saura yatsu huɗu."

"Kawu, ai ba soja zan zama ba. Karatu zan yi in dawo. Babu maganar tsawo a takardar."

"Ke kin taɓa shiga bariki?"

"A'a."

"To ni can na tsufa. Soja ba ya rubuta komai da komai a takarda. Ki je ki ga an jera ku a rana, a ce gajeru su koma gida."

Na yi dariya a gabansa, amma maganar ta shige ni. Ni da na karanta ƙasusuwan ɗan Adam, na san mace mai 'ya'ya biyu ta gama tsawo, sai ga ni washegari bayan sallar asuba ina lilo a reshen mangwaron bayan gida, Kawu yana ƙirga mini da Turancinsa na bariki. Idan mutum yana son abu, iliminsa ma ja da baya yake yi ya ba shi wuri.

Bayan lilo sai gudu, don a cewarsa ba a shiga bariki da haki. Damina ce, gyaɗa ta rufe ƙasa. Nakan zagaya gonar Inna sau uku da hijabina, shi kuma yana tsaye kan kunya yana daka tsawa. A rana ta biyu wasu mata uku masu zuwa cirar ciyawa suka hango ni na taho a guje. Ba su tambayi ba'asi ba, suka zubar da kwanduna suka rufa mini baya. Sai da muka kai bakin hanya ɗaya ta ce, tana haki, "Baiwar Allah, wai me ya biyo mu?" Na ce soja zan shiga. Ta dube ni sama da ƙasa, abin da bai ɗauke ta lokaci ba, ta ce, "Allah ya kyauta."

Mako uku muna wannan fama. Na rame, ƙafafuna suka yi tsami, na iya sara wa babba. Ranar ƙarshe Kawu ya sake jingina karan. Yatsu huɗun nan suna nan daram, ko rabin ɗaya bai ragu ba. Na shiga ɗaki na yi kuka na gaske, don na riga na ga kaina a motar birni har tsufana, riƙe da ledar ruwa.

Inna ce ta shigo. Duk kwanakin nan kallonmu kawai take yi tana tsinkar zogale.

"Ku da ilimin boko da na soja kun gaza," in ji ta. "Miƙo mini tsohon zanen can."

Ta naɗe shi ta yi gammo, irin wanda take ɗaukar tulu da shi, ta ɗora mini a ka, ta kawo ɗankwali ta ɗaure tam, ta zura mini hijabi. Muka fita tsakar gida. Kawu ya kawo kara, sai ga kaina ya wuce shi da yatsa guda. Ya ƙame ya sara wa yayarsa.

Haka na shiga bariki ranar ganawa, wuyana a sandare kamar mai tallan nono. Ba a jera mu a rana ba. Aka ba mu kujeru a inuwa, sojoji ma'aikatan jinya da kakinsu a gefe guda, mu farar hula a gefe guda, muka rubuta jarrabawa. Ina ta baza ido in ga inda aka ajiye sandar awo, ban gan ta ba, na ce a raina wataƙila sai an shiga ciki.

A ciki mutum uku ne a bayan tebur, ta tsakiyarsu mace ce mai muƙamin manjo, ita ce shugabar masu koyarwa. Ta duba takarduna, ta yi mini tambayoyi kan hawan jini da numfashi, na amsa. Sannan ta nuna wani mutum-mutumin roba da ke kwance a kan gado, ta ce, "Wannan ya daina numfashi. Nuna mana abin da za ki yi."

Nan na manta da kaina. Aikina ne, na sha yi a kan mutane masu rai. Na zagaya ta wajen kansa, na ɗaga haɓarsa, na sunkuya in duba ƙirjinsa. Ina sunkuyawa ɗaurin Inna ya kwance. Gammo ya sulmiyo ta ƙarƙashin hijabi ya faɗo tim a kan fuskar marar lafiyata.

Ban tsaya ba. Na ture shi gefe, na ɗora abin hura iska a hanci da baki, na ci gaba da matsawa har ƙirjin roba ya soma tashi yana sauka. Sai da manjo ta ce ya isa na ɗago, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ɗaga gammon da bakin alƙalaminta. "Malama, wannan fa? Cikin kayan aikin asibitinku yake?"

Ƙarya ba ta da wurin tsayawa, sai na faɗi gaskiya tun daga karan dawa har reshen mangwaro. Na hagunta ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Ita ma ta yi dariya har da share ido, sannan ta ce, "Kawunki bai yi ƙarya ba, ana auna tsawon mai shiga soja. Ke kuwa ɗaliba muka kira. Gadon tiyata ana ɗaga shi, ana sauke shi daidai kowa. Abin da na gani shi ne kaya ya faɗo miki a tsakiyar aiki, hannunki bai bar marar lafiya ba."

Bayan mako biyu sunana ya fito. Inna ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Kawu kuwa har gobe cewa yake horonsa ne ya yi aiki, kuma ban taɓa musa masa ba.

Karatun ya yi wuya, sojoji ba su san wasa da lokaci ba, amma na gama na dawo asibitinmu. Mace ta farko da aka shigar ɗakin tiyatarmu 'yar ƙauyen Jajaye ce, haihuwar fari, abin cikin ya zo a gicciye. Tana ta roƙo kada a sa ta a mota. Na riƙe hannunta na ce babu inda za ta, ta yi bismilla ta ƙirga mini zuwa goma. A huɗu ta tsaya.

Na zauna a wajen kanta ina tsaron numfashinta har likita ya ɗaure zaren ƙarshe. Can ta buɗe ido da ƙyar, ta dube ni, ta ce, "Malama, don Allah in za a fara a gaya mini."

Na ce, "An gama, 'yar'uwa. Juyo ki ga 'yarki."