Jajayen Layuka a Bayan Tsoho

A shekarar da nake tura keken marasa ƙarfi a tashar bas ta Kudai a Makka, tari ya cika masaukin alhazan Indonesiya. Mutane ne masu kiyayewa. Kowa da takunkumi a fuska da 'yar kwalbar wanke hannu rataye a jaka, kuma ba sa haɗa kofi.

Wata hantsi wani magidanci ya sauko da mahaifinsa daga bas ɗin da yayana ke tuƙawa, zai kai shi Umara. Tsohon na cikin harami, yana tari, yana fizge takunkuminsa, ɗan yana mayar masa da ƙarfi. Da mayafin haramin ya zame sai na ga bayansa: jajayen layuka jere bisa haƙarƙari, daga kafaɗa har ƙugu, wasu sun yi baƙi. Na ce a raina, bulala ce.

Ban tambayi kowa ba. Na shaƙo ɗan, na naushe shi a baki. Nan take takunkuminsa ya jiƙe da jini. Ya faɗi a kan hannunsa, na ji ƙarar ƙashi. Sau biyu na shure shi a ciki kafin yayana ya riƙe ni.

"Kai mahaukaci ne? A Makka?"

"Yaya, dubi bayan dattijon nan!"

Jagoran tawagarsu ya iso a guje, yana magana da Larabci.

"Ya akhi, kwandala ce da man zafi! In mura ta fara kama mutum, haka muke kankare masa baya don iska ta fita. Baba ne ya roƙe shi. Likitanmu ya ce wannan ba ya hana yaɗa cuta, shi ya sa ɗan yake matsa masa da takunkumi."

Tsohon ya cire takalminsa ya zabga mini a fuska sau uku. Ban kare fuskata ba.

Wuyan hannun ɗan ya karye. Da motar asibiti ta zo, yayana ya ce, "Yalla, kawo kekenka, kai za ka yi ɗawafi da dattijon."

Na kawo. Jagoran ya fassara masa. Tsohon bai ko dubi keken ba. Ya kama ƙofar motar, ya hau da kansa, ya zauna kusa da ɗansa, har yanzu yana cikin haraminsa. Ni kuma 'yan sanda suka tafi da ni.