Wanda Ya Riƙe wa Sarki Dashe

Babanmu mai kula da lambun babban asibiti ne. Tun yana saurayi ya kama aikin, bai bari ba sai da gwiwoyinsa suka ƙi lanƙwasuwa. Ba shi da yawan magana da mutane, amma in ka laɓe bayan ɗakin haihuwa za ka ji shi yana yi wa shuke-shuke faɗa kamar 'ya'yan cikinsa. In ya tashi aiki ya dawo gida da ƙasa a farce, ya zauna bakin ƙofa, Inna ta miƙa masa ruwa tana mitar wandon da ya ɓata, shi kuwa ko a jikinsa.

Abu ɗaya ne ya tsana, hoto. Da mai hoto ya shigo taro, sai ka nemi Baba ka rasa. Guda ɗaya tak muke da shi, na katin aiki, shi ma rufin ɗaki ya yi yoyo a kan akwatin Inna, ruwa ya cinye fuskar. Sai da ya rasu muka farga ba mu da abin nuna wa jikoki.

Bara Inna ta kira ni ɗaki ta tura ƙofa.

"Auta, zan gaya miki wata magana, kada yayanki ya ji," in ji ta. "Fuskar babanku tana ɓace mini. In na rufe ido ina jin tarinsa, ina jin takunsa, amma fuskar ta ƙi zuwa."

Tausayinta ya kama ni. Matar da ta yi zaman aure tun ƙuruciya har furfura, yau tana jin kunya kamar ta yi laifi.

Ana nan sai Sarki ya rasu. Ya daɗe a kan mulki, yawancinmu mun buɗe ido ne muka gan shi, muka haifi namu yana nan. Gidan waya ya buga jerin kan sarki na tunawa da shi: ga shi yana jariri, ga ranar naɗinsa, ga shi da sanda ya tsufa. Wata tsohuwar nas da ta yi aiki da Baba ta bugo mini waya, ta ce ɗaya daga ciki hoton ranar da Sarki ya dasa itace a asibiti ne. Duk gidanmu mun san wanda ya riƙe dashen a ranar. Ranar ce kaɗai mai hoto ya ci galabar Baba a taro, don ba a gudu a gaban Sarki.

Na ce wa Inna ta zauna in sayo mata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauki mayafinta.

Gidan wayar ya cika maƙil da mutanen da rabonsu da aika wasiƙa har sun manta. Fanka na ta ƙara a sama ba iska, ga warin gam, ga wani ɗan kwano da jiƙaƙƙen soso a kan kanta. Inna ta ƙi zama a benci, ta tsaya a layi tana dafe da kafaɗata. Da muka isa, ma'aikaciyar ta turo mana jerin ta ƙarƙashin taga.

"Na asibitin nake so, 'yar nan," in ji Inna. "Maigidana yana ciki."

Matar ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko gilashin ƙara girma ta miƙo, don duk hoton bai wuce kan babban yatsa ba.

Ni na fara dubawa. Ga Sarki da shebur yana murmushi, ga manya jere a bayansa. Can ƙasa a kusurwa, ga hannaye biyu riƙe da ɗan dashe. Iyakarsa ke nan. An yanke hoton daidai kafaɗa, inda kai ya kamata ya kasance sai 'yan hujojin nan da ake yage kan sarki ta wurinsu. Raina ya ɓaci. Wanda ya tsara abin ya sama wa tukunyar fure wuri, ya sama wa tuta, amma ya rasa inda zai sa fuskar mutum. Na so in ce wa Inna ba shi ba ne, mu tafi gida. Ta karɓe gilashin.

Ta daɗe sunkuye. Na bayanmu suka fara tsaki, ma'aikaciyar ta ɗaga musu hannu. Ina jiran kuka, sai na ji Inna ta ce, "Kin ga mutumin nan ko?"

"Me ya yi, Inna?"

"Ya naɗe hannun riga. Farar rigar nan ni na wanke, ni na goge da safen. Har bakin ƙofa na bi shi ina cewa, Malam, don Allah kada ka naɗe ta a gaban Sarki kamar kana kwasar taki. Da ya dawo na tambaye shi, ya ce ko maɓalli bai taɓa ba." Ta buga kantar da yatsa. "Dube ta har gwiwar hannu."

Ta fara dariya, sai dariyar ta yanke. Ta ajiye gilashin, ta rufe ido, ta damƙe hannuna da ƙarfi.

"Kada ki yi magana, Auta," in ji ta a hankali. "Ga shi nan yana sosa ƙeya, yana kallon ƙasa, yadda yake yi in na kama shi."