Rabin Kalmar da Na Yar a Waya

Ranar da 'yata ta gama koyon tuƙi aka ba ta kaki, na kira Yayata a Kano. Ita ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau a danginmu abin da ta yaba shi ne abin yabo. Na ce, "Yaya, 'yarki ta zama direbar jirgi." Waya ta katse tana tsakiyar guɗa. Kafin a jima dangi duk sun ji cewa muna da mai tuƙa jirgin sama a Ingila.

Jirgin ƙasa nake nufi, ƙaramin nan na cikin gari da ake kira taram, mai ratsa Salford, a nan gefen Manchester. A bakinmu duk jirgi ne, ni kuma na yar da rabin kalmar. Duk sanda na kira don in gyara, sai addu'a ta riga ni: Allah Ya tsare ta a sararin samaniya. Sai in amsa da amin.

Ana nan Yaya ta zo Birmingham bikin gama karatun jikanta, ta ce sai ta iso Manchester ta ga 'yarta. Yarinyar ta same ni a kicin, tana juya hular aikinta a hannu.

"Baba, Gwaggo ta gaya wa duniya. In ta ga taram nake ja, da wane ido za ta dube ni? Ko in ɗauki hutu har ta tafi?"

Na ce ta je aikinta, sauran nawa ne.

Na kai Yaya tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Salford. Karatuna bai yi nisa ba, abin da na sani daga bakin tsofaffin Turawan da muka yi dako tare a sito a Cheetham Hill na ji shi. Na nuna mata ruwan, na ce mutane ne suka haƙa wannan hanya daga teku, har jirage su shigo garin da ba shi da gaɓa. Na ce a da layin dogo ya kewaye ko'ina a nan, ana sauke kaya daga jirgin ruwa ana loda wa na ƙasa. Yanzu dogayen benaye ne da gidajen talabijin. Muka hau wata gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa.

Yaya ta ƙwanƙwasa ƙarfen da sandarta. "Wannan ai ba don ƙafar mutum aka yi ta ba."

"Ta jirgin ƙasa ce a da, Yaya."

Ta daɗe tana kallon ruwan. Mahaifinmu ma'aikacin reluwe ne a tashar Kano, shi ke juya ƙarfen da ke sauya wa jirgi hanya. Ni ban riske shi a bakin aiki ba, ita kuwa ta sha kai masa abinci. Ta ce hannunsa kullum warin baƙin mai yake. Taragun gyaɗa da auduga suna wuce shi zuwa Ikko, shi kuma yana tambayar direbobi ina kayan ke ƙarewa.

"Wataƙila nan ne," in ji ni.

"Ya so ya zama direba, ka sani? Bai samu ba."

Ban sani ba. A nan na gaya mata irin jirgin da 'yarta ke tuƙawa.

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Kai dai auta, tun kana yaro ba ka ƙarasa magana. Ina take?"

Muka tsaya a tasha, muka bar taram suna wucewa har nata ya zo. Ga ta bayan gilashi, ɗankwali a ƙarƙashin hula, idonta a kan layi. Da ta hango mu fuskarta ta sauya, amma ta tsayar da jirgin daidai bakin dakali, ko girgiza babu. Yaya ta shiga, ta zauna a kujerar da ke bayan ɗakin direba, ta ƙi sauka har ƙarshen layi.

Can ta miƙo mini wayarta. "Danna mini inda ake yi wa dangi magana."

Na danna, ta gyara murya.

"Ku gyara addu'arku. Ba na sama ba ne, na ƙasa ne, irin wanda Babanmu ke buɗe wa hanya. Ga ni a ciki, jikarsa ke ja."