Ranar da Na Hana a Sa wa Kifi Gishiri

Wata shekara ƙanena da ke aiki a jirgin ruwa ya zo hutu Dutse, ɗauke da kula cike da ƙanƙara. Da ya buɗe sai ga kifi guda, ya kusa kamu biyu, jikinsa na ƙyalli kamar azurfa, ga baƙaƙen layuka daga kai har wutsiya, sai ka ce da alƙalami aka ja su. Ya ce daga tekun Amurka aka kamo shi. Wai a can mutum yakan wuni cikin kwalekwale da fatsa yana kokawa da irinsa, in ya kama ya ɗauki hoto ya mayar da shi ruwa.

"Ya mayar?" in ji maiɗakina. "To, Allah ya shirye su."

Mu tarwaɗa muka sani, sai karfasar da ake kawowa daga wajen Haɗeja. Sai na ga ikon Allah a zuwan kifin nan, domin washegari malamina, wanda ya koya mini karatu da rubutun Ajami, zai zo daga Miga. Ya yi shekaru bai taka gidana ba, ni kuwa burina ya ci abin da bai taɓa ci ba, ya tashi yana sa albarka.

Da safe ƙanena ya wuce Kiyawa gaishe-gaishe. Maiɗakina ta ɗora farfesu, ta zuba attaruhu da citta da daddawa. Ta ɗebo gishiri ke nan na leƙo.

"Dakata! Ba ki san ruwan teku gishiri ne zalla ba? Kifin da aka haifa a ciki, ya girma a ciki, in kika ƙara masa ai ba zai ciwu ba."

"Maigida, na ɗanɗana romon fa, lami ne."

"Yana cikin tsokar. Zai fito."

Ta dube ni, ta mayar da gishirin cikin gwangwani.

Bayan azahar malamina ya iso, aka kai kwano zaure. Malam ya yi bismilla ya kurɓi romo. Ya gutsuri tsoka ya tauna a hankali, yana duban rufin ɗaki. Ni ma na kai loma, nan take gumi ya karyo mini. Ruwan zafi ne da yaji kawai.

"Lafiya uwargida take kuwa?" ya tambaya.

"Allah gafarta Malam, ba laifinta ba ne. Ni na yi ƙiyasi." Na kwashe hujjata kaf na faɗa masa.

Dariya ta kama tsohon nan har rawaninsa ya karkace. Da ya samu numfashi ya ce, "Kai, ragon da ya shekara yana cin dusa, in aka soya shi dusa kake ji?"

Kafin in amsa, sai ga hannu ya turo faranti ta ƙasan labule, da gishiri a kai. Ashe maiɗakina tana tsaye a soro tun ɗazu.

Malam ya barbaɗa, ya juya, ya ci har ya nemi ƙari. Tsokar fara sol, ba ƙaya kamar ta karfasa. Ya ce a ƙulle masa kan, zai kai wa iyali su ma su ga halittar Ubangiji. Da zai hau babur ya ɗaga murya yadda za a ji daga ciki:

"Uwargida, Allah ya yi albarka. In ya sake shigo miki madafi da fatawa, ki aiko mini."